Yadda ake jinyar tsoho a asibiti, daga ranar kwanciya zuwa ranar fita

Sau huɗu na yi zaman jinyar tsoho a asibiti: biyu da mahaifina, ɗaya da Hajiyarmu, ɗaya da kawuna wanda Allah bai ba haihuwa ba. Biyu mun koma gida da majinyaci, biyu mun koma da gawa. A zaman farko, rabin wahalar da na sha ba ta ciwon Baba ba ce, ta rashin sani ce. Ina hawa bene ina sauka da takarda a hannu ban san tagar da zan miƙa ta ba, 'yan'uwa kowa na bugo waya da tasa shawarar, kuɗi na fita ba wanda ya san nawa ya fita. Sai daga baya na gane cewa jinya tana son abu uku: mutum ɗaya mai riƙe ragama, littafi ɗaya, aljihu ɗaya. Duk sauran a kan waɗannan suke hawa.

Ni ba likita ba ne. Magani nasu ne, abin da zan faɗa aikin ɗa ne a gefen gado. Zan riƙa cewa "kai", amma na san yawancin masu kwana a kan tabarma ƙarƙashin gadon nan mata ne, to 'yar'uwa, har da ke nake.

Kayan da za ka tanada

Takardu, a leda ɗaya: tsohon katin asibiti, sakamakon gwaje-gwajen baya da hotuna ko sun shekara biyar, katin inshora in akwai, da katin shaidar ɗan ƙasa. Ka haɗa da duk magungunan da yake sha, a cikin kwalayensu. "Wani fari ƙarami da yake sha da safe" ba bayani ba ne, likita ba zai gane shi ba. Ka zuba har na kemis da na gargajiya.

Littafin rubutu mai ganye 60 ko 80, da biro biyu.

Na majinyaci: zanen gado uku, ledar shimfiɗa, riguna masu faɗi waɗanda ba su da wuyar cirewa, kunzugun manya, fo, tawul biyu, sabulu, man shafawa, filo aƙalla uku, kofi da ƙaramin cokali, filas na ruwan zafi, tabarau da haƙoran roba in yana amfani da su, da ɗan dutse don taimama.

Naka: tabarma, bargo, gidan sauro, buta, bokiti, tocila, caja, kwalin safar hannu, silifas.

In da hali, na'urar auna hawan jini, ta auna suga, da 'yar ƙaramar nan da ake maƙalawa a yatsa don ganin iskar oksijin a jini. In babu, ka ara a dangi. In nan ma babu, ba laifi, asibiti suna aunawa, kai dai ka tambayi lambar ka rubuta.

Kuɗi iri biyu: katin banki da tsaba. Da tsakar dare hanyar banki takan ɗauke, mai sayar da magani kuma ba ya jira.

1. Gane lokacin tafiya da inda za a nufa

Tsofaffinmu masu ɓoye ciwo ne. "Da sauƙi" ita ce amsarsu ko numfashi na fita da ƙyar. Don haka ido za ka sa, ba kunne ba. Alamun da ba a kwana da su a gida: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ɗaya ta saki, magana ta harɗe, ciwon ƙirji mai danna mutum, numfashi sama-sama, aman jini ko baƙin bahaya, fitsari ya tsaya, faɗuwa wadda ya kasa tashi bayanta, da rikicewar hankali kwatsam. Wannan na ƙarshe shi ne aka fi yi wa mummunar fassara. Tsoho da jiya yake lafiya yau ya fara sambatu yana kiran waɗanda suka mutu, sai a ce tsufa ne ko iska. Sau da yawa cuta ce ta shiga mafitsara ko huhu, ko suga ya faɗi, kuma ana warkewa in an zo da wuri.

In alamun shanyewar ɓarin jiki ne, ka duba agogo ka riƙe lokacin da abin ya fara, don shi likita zai fara tambaya. Kada a ɗura masa ruwa, ko rubutu, ko kunu, saboda maƙogwaro kan mutu tare da ɓarin jikin, abin sai ya wuce huhu. Kada a ba shi asfirin ko a ninka masa maganin hawan jini kafin a ga likita. Akwai shanyewar da toshewar jijiya ke kawowa, akwai ta fashewar jijiya, hoton ƙwaƙwalwa ne ke bambance su, kuma abin da ke taimakon ɗaya yana iya ƙarasa ɗaya.

Babban ciwo, babban asibiti. A Kano akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala, a Zariya akwai na Shika, a Sakkwato akwai na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. In kuna nesa, ku fara da babban asibitin da ya fi kusa, su tsayar da shi, su ba ku takardar turawa gaba. Kada ku bar wurin ba takardar nan.

2. Awa ta farko a ɗakin gaggawa

Mutum biyu za su shiga, ba ayari ba. Ɗaya ya tsaya wurin mara lafiya ya amsa tambayoyin likita, ɗaya ya yi zirga-zirgar yankar kati, biyan kuɗi da kai jini ɗakin gwaji. Mai amsa tambaya ya zama wanda yake zaune da tsohon a gida, ba wanda ya fi kowa Turanci ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In ya daina shan maganin hawan jini wata uku da suka wuce, ka faɗa. In yana shan jiƙo ko sassaƙe, ka faɗa. In ya daɗe yana haɗiyar maganin ciwon gaɓoɓi irin su diklofenak da ibufurofen, ka faɗa da babbar murya, don suna cin ciki suna lalata ƙodar tsoho.

Wajen buɗe fayil, ka tsaya a kan mai rubutu har ka ga sunan ya yi daidai da na katin shaidarsa, harafi da harafi. Za ka ga amfanin wannan a mataki na ƙarshe.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ya ƙi ba mutum taimakon gaggawa bisa kowane dalili. Ka san wannan, ka faɗe shi cikin ladabi in ta kama. Amma kada ka taho hannu rabbana da sunan doka, don allura, ruwa da gwaji yawanci sai ka biya.

3. Naɗa jagora da buɗe aljihu ɗaya

A daren farko, ko ta waya, 'ya'ya su yi magana. A zaɓi mutum ɗaya wanda shi likitoci za su sani, shi zai sa hannu a takarda, shi zai isar da labari ga kowa sau ɗaya a rana. Ba lallai babban wa ba. Wanda yake gari, mai haƙuri, mai iya tambaya. Yaya ya sa albarka ya mara masa baya, shi ke nan.

Kuɗi kuma wuri ɗaya. Duk mai kawo gudummawa ya tura asusu ɗaya, a rubuta a bayan littafin: wane, nawa, yaushe. Abin da ya fita a rubuta a wani shafin, a maƙala rasit. Wani zai ce ai 'yan'uwa ne, mene ne na rubutu. Na ga gidan da zumunci ya tsinke bayan sadakar bakwai a kan "ina kuɗin da na turo", alhali wanda ake zargi har bashi ya ci. Rubutun shi yake karewa.

A raba kwana. Ba mai iya kwana bakwai a jere a gefen gado hankalinsa na nan daram. A ɗakin maza namiji, a na mata mace, haka yawancin asibitoci suke so da dare. Wanda ba zai iya kwana ba ya ɗauki abinci ko wanki, wanda yake nesa ya ɗauki kuɗi. In ba ku da yawa, ku nemi wani amintacce ku biya shi ya riƙa karɓar ku, amma ku nuna masa aikin da hannunku.

4. Inshora: abin da take yi da abin da ba ta yi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Inshorar lafiya tana da lokacin jira tsakanin rajista da ranar da kati zai fara aiki, saboda haka wanda ya je yin rajista tsoho na kwance a gado ya makara a wannan kwanciyar. In iyayenka suna kan ƙafafunsu yau, wannan matakin shi ne na farko gare ka, ba na huɗu ba.

Ga yadda tsarin yake. A 2022 aka sa hannu a dokar da ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, ta maye gurbin tsohuwar NHIS. Jihohi kuma suna da hukumomin taimakekeniyar lafiya nasu: KSCHMA a Kano, KADCHMA a Kaduna, KATCHMA a Katsina, JICHMA a Jigawa, SOCHEMA a Sakkwato.

Kuskuren da ma'aikata suka fi yi shi ne zaton katinsu ya ɗauki iyayensu. A tsarin ma'aikatan tarayya, kati yana ɗaukar ma'aikaci, matarsa ko mijinta, da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Uwa da uba ba sa ciki. Hanyoyin shigar da su uku ne. Ka sa su a matsayin ƙarin mutane a kan katinka, ka biya kuɗin kowanne a shekara. Ko ka yi musu nasu a tsarin GIFSHIP na NHIA, wanda aka yi don ɗaiɗaikun mutane da iyalai da ƙungiyoyi, ko makamancinsa a hukumar jiharku. Ko kuma, in gidan ba hali, ka je ƙaramin asibitin mazaɓarku ka tambayi rajistar masu rauni ƙarƙashin asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda dokar 2014 ta ware wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Tsofaffi suna cikin waɗanda aka yi shi dominsu, sai dai gurabe ƙididdigaggu ne, sai an bibiya. Farashin rajista yana canzawa, ka je ofis da ƙafarka ka ji na bana.

Ranar rajista za a ce ka zaɓi asibiti. Kada ka zaɓa don suna. Zaɓi wanda tsohon zai iya zuwa duk wata ba wahala, don nan ne ƙofar shiga. Daga nan ake tura shi ga ƙwararren likita, da lambar izini daga kamfanin da ke tsakani, wanda ake kira HMO, ko daga hukumar jiha. Ka rubuta lambar wayarsu a bangon littafinka. A kowane babban asibiti akwai teburin inshora. Ka nemo shi a ranar farko, ka gaisa da mai zama a wurin, ka san sunansa. In an kawo tsoho a gaggauce wani asibitin da ba nasa ba, ka sanar da su a ranar, kada ka bari sai an sallame ku.

A tsarin NHIA, kai kake biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. In maganin naira 20,000 ne, naka 2,000. Ga mai hawan jini ko suga da ke shan magani kowace rana har ƙarshen rayuwa, wannan kaɗai ya isa dalilin yin rajista. Amma ka shiga da idonka buɗe. Akwai iyaka ga kwanakin kwanciya a shekara. Manyan hotuna irin na ƙwaƙwalwa akan raba kuɗinsu tsakaninka da su. Wankin ƙoda na dindindin, wanda ake yi sau biyu ko uku a mako, ba su ɗauke shi duka. Kuma za ka sha jin "babu shi a sito, je ka saya a waje". In haka ta faru, ka sa a rubuta maka a takardar cewa babu, ka riƙe rasit, ka kai ƙorafi teburin inshora, in ba a saurare ka ba ka wuce ofishin hukumar. Don haka ko da kati, 'yan'uwa su riƙa tara wani abu duk wata da sunan lafiyar iyaye. Mu adashe muka mayar da shi, ba mai ɗauka sai ciwo.

Kuma ka rubuta ranar ƙarewar katin a inda za ka gani. Na Hajiya ya taɓa mutuwa da sati uku ba mu lura ba, sai a gaban taga aka gaya mana.

5. Zagayen safe da aikin littafi

Da safe likitoci suke zagaye, kuma a 'yan mintocin nan ake yanke duk shawarar yinin. Jagora ya kasance a wurin, an gyara majinyaci, an kwashe kwanuka. Wasu ɗakunan sukan fitar da masu jinya lokacin zagaye. Ka tsaya a bakin ƙofa, in sun fito ka tari ɗaya daga cikin ƙananan likitocin tawagar.

Tun da dare ka rubuta tambayoyinka, kada su wuce huɗu. Nawa kullum su ne: Likita, mene ne sunan ciwon? Me ake jira yau? Wane gwaji ko magani ne ba zai jira gobe ba? Wace alama zan gani in kira ku? Ta ukun ita ke ceton aljihu, don in an rubuta abu biyar kuɗinka na biyu ne, likita ya fi ka sanin biyun da za a fara.

A littafin, kowace rana shafi ɗaya: awon jini da suga da zafin jiki, abin da ya ci da yawansa, fitsari da bahaya, maganin da aka ba shi da lokaci, abin da likita ya ce. Mai karɓar ka da yamma ya karanta kafin ya zauna. Sakamakon gwaji kuwa ba ya tafiya da kansa. Kai za ka je ka karɓo, ka ɗauki hotonsa a waya, ka miƙa, ka kuma tabbata likita ya gani.

Magani, ka saya na kwana biyu ko uku, ba na sati biyu ba. Ana canza shi, kuma ba a karɓar wanda aka fitar. In za a yi ƙarin jini, tun kafin a ce "yanzu" ka jera samarin gida masu lafiya, daga shekara 18 zuwa sama, masu nauyin kilo 50 ko fiye, su je su bayar.

Ma'aikatan jinya su ne masu ɗakin. Sista ɗaya tana iya riƙe gadaje da yawa ita kaɗai da dare. Ka gaishe ta, ka yi mata magana a hankali, ka gaya mata tun ruwan da aka ɗaura bai ƙare ba. Kada ka taɓa maƙunnin ruwan ko na oksijin da hannunka.

6. Aikin hannu

Nan jinya take. Abu uku ne suke kwantar da tsoho bayan an shawo kan ciwon da ya kawo shi: gyambon kwanciya, ƙwarewa (abinci ko ruwa ya wuce huhu), da faɗuwa.

Gyambo. Wanda ba ya iya juyawa da kansa, a juya shi kowace awa biyu, dare da rana: dama, rigingine, hagu. Sa ƙararrawa a waya. Ku biyu ku kama zanen da ke ƙarƙashinsa ku ɗaga, kada ku ja shi a kan katifa, fata tana saɓulewa. Filo ɗaya a bayansa, ɗaya tsakanin gwiwoyi, ɗaya ƙarƙashin ƙwauri yadda duddugen ba zai taɓa katifa ba. Kullum wajen goge jiki ka duba ƙashin gindi, ƙugu, dudduge, kafaɗa da ƙeya. A fatarmu ba lallai ka ga ja ba. Wuri ne zai yi duhu fiye da kewayensa, ko ya yi sheƙi, ko zafi, ko tauri. Ka nuna wa Sista a take, kada a sake kwantar da shi a kan wurin, kuma kada a murza shi. Kawu kwana biyu kawai muka yi sakaci, muna jin tausayin tashinsa daga barci, gyambon da ya fito a ƙugunsa bai rufe ba har ya bar duniya. Har yau abin yana ci mini rai. In za a daɗe, katifar iska mai famfo tana taimakawa, amma ba ta ɗauke juyawa. Kunzugu da ya jiƙe a canza nan da nan, a wanke, a tsane, a shafa mai.

Ciyarwa. A zaunar da shi sosai, ba a kishingiɗe ba. Ƙaramin cokali, a jira ya haɗiye kafin na gaba. Bayan ya gama ya zauna rabin awa kafin a kwantar. In yana tari wajen ci, ko muryarsa ta koma kamar mai ruwa a maƙogwaro, a tsaya a kira likita. Ruwa tsalala ya fi saurin ƙware mutum a kan kunu mai kauri. In an ce a sa robar hanci, ku yarda. Iyalai da yawa suna ƙi don ganin kamar alamar mutuwa ce, alhali hanyar abinci ce kawai, kuma ana cire ta in haɗiya ta dawo. Mai suga da aka yi wa allurar insulin kuma ya ƙi cin abinci, ka faɗa wa Sista. In ya fara gumi, rawar jiki ko rikicewa, a auna. Ƙasa da 70 a na'urar da ke ƙirga da ɗaruruwa, ko ƙasa da 4 a ɗaya ma'aunin, suga ya faɗi, abin gaggawa ne. A goge masa baki da haƙora safe da yamma ko ba ya ci ta baki.

Faɗuwa. Da dare take zuwa, a hanyar banɗaki. Ɗaga ƙarfen gefen gado, ajiye fo kusa, kada ya tashi shi kaɗai. Jakar robar fitsari ta kasance ƙasa da mararsa, ba a kan gado ba, ba kuma a yashe a ƙasa ba.

Sai mutunci. Mutumin da ya goya ka yanzu kai kake canza masa kunzugu, wannan ya fi masa ciwon zafi. Ja labule. Rufe inda ba ka aiki a kai. Ka ce "Baba, zan juya ka" kafin ka taɓa shi, ko kana zaton ba ya ji. Kada a yi hirar ciwonsa a kansa kamar ba ya nan. Ka tuna masa lokacin salla, ka miƙa masa dutsen taimama, ya yi a zaune ko a kwance yadda ya samu iko.

7. 'Yan dubiya

Dubiya lada ce, amma mutum ashirin a kan gado ɗaya wahala ce ga mara lafiya da maƙwabtansa. Biyu-biyu, minti biyar, mai mura ya yi addu'a daga gida. Kowa zai zo da magani da labarin wanda ya sha ya miƙe. Ka karɓa ka yi godiya ka ajiye. Addu'a da tofi ba su hana komai. Abin sha kuwa, ba ya shiga bakinsa sai likita ya sani, musamman mai ciwon ƙoda ko hanta.

8. In kuɗi ya ƙare

Yakan ƙare. Kada ka ɓoye, kada ka sulale da majinyaci. Faɗa wa likita gaskiya, sau da yawa akwai magani mai araha da ke aiki iri ɗaya, ko gwajin da za a iya jinkirtawa. Manyan asibitocin gwamnati suna da sashen jin daɗin jama'a da ke duba marasa hali, su yi rangwame ko su haɗa ka da masu taimako. Je ka da rasitanka da takardar likita. Akwai kwamitin masallacin unguwa, akwai Hukumar Zakka da Hubusi a Kano da takwarorinta a wasu jihohi. In za a nemi taimako a Facebook ko WhatsApp, a nemi izinin tsohon, kuma kada a yaɗa hotonsa cikin halin da shi ba zai so a gan shi ba.

In kun yanke shawarar komawa gida likita bai sallama ba, za a sa ku sa hannu. Ko da haka ne, ku roƙi takardar magani da bayanin yadda za ku kula da shi.

9. Sallama

Kafin ku naɗe tabarma: takardar sallama mai bayanin ciwo, jerin magunguna da wanda aka tsayar daga cikin tsofaffin, ranar dawowa, ranar canza roba in da ita, da takardar zuwa gashi ga mai shanyewar jiki. A gida a sauko da shi ɗakin ƙasa kusa da banɗaki, a kwashe duk abin tuntuɓe, a ci gaba da littafin.

10. In likita ya ce an yi iya yi

Ka ja babban likita gefe ka tambaye shi kai tsaye: wannan da ake yi, warkarwa ce ko sauƙaƙawa? Yawancinsu suna faɗar gaskiya in an tambaya da gaske. Da amsar ta zo a kan Baba, na kira 'yan'uwana a daren, na ce duk mai son ganinsa ya taho. Wadda take aure a Maraɗi ta iso da kwana ɗaya a tsakani, ya gane ta.

A wannan gaɓar ka nemi a ba shi maganin raɗaɗi isasshe, haƙƙinsa ne. In yana da sauran magana, a tambaye shi a hankali bashin da ake bin sa da wanda yake bi, da ajiyar mutane da ke hannunsa, a rubuta gaban shaidu biyu. In ya ce a mai da shi ɗakinsa, a saurare shi, a shawarci likita kan yadda za a yi. In lokaci ya matso, a rage hayaniya, a jiƙa masa leɓe, wani ya zauna kusa da kunnensa yana faɗin kalmar shahada a hankali, ba tare da matsa masa ba.

In rai ya yi halinsa, ka kira Sista, likita ne zai tabbatar. Rubuta lokacin. A rufe masa ido, a ɗaure haɓa, a miƙe gaɓoɓi, a lulluɓe. Ma'aikata ne za su cire robobi da allurai. Jagora ya tsaya kan biyan sauran kuɗi da takardar fitar da gawa, wani ya nemo mota, wani ya kira gida a tanadi likkafani da masu wanka a sanar da maƙabarta. In cikin dare ne, ka tambayi ƙa'idar asibitin, ko za a sake ta ko sai ta kwana a mutuware. Uwa kuwa, kada ta ji a waya. Mutum ya je ya zauna gabanta.

11. Takardun bayan rasuwa

Cikin gaggawar jana'iza ake mantawa da takardar shaidar rasuwa. In ba ta samu a ranar ba, ka koma cikin satin, tun likitan da ya duba shi yana ɗakin. Duba sunan da kyau. Harafi ɗaya in ya saɓa da na banki ko na fansho, sai ka yi watanni kana rantsuwa a kotu. Da ita za ka je ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa a yi rajistar rasuwar. Yi kwafi da yawa, asalin ya zauna wurin mutum ɗaya.

Kada kowa ya cire kuɗi da katin mamaci ko ya san lambar sirri. Daga lokacin da ya cika, dukiyar ta magada ce. A fara fitar da kuɗin jana'iza, sai bashi, har da wanda aka ci don jinyarsa in da sunansa aka ci, sai wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba, sannan gado. Shafukan bayan littafin nan su za a buɗe a ranar. Banki da kamfanin fansho za su nemi takardar kotu mai ba da ikon kula da dukiyar, ka je ka karɓi jerin abin da suke so a rubuce kafin ka fara yawo. Layin wayarsa a riƙa sa masa kuɗi kada a rufe, ta nan saƙon banki da masu bin bashi suke shigowa.

Ka sanar da hukumar inshora a cire sunansa. In a kan katinsa mahaifiyarka take, ka tambayi matsayinta a ranar, ka sabunta mata nata, don wata huɗu da kwana goma na takaba lokaci ne da hawan jini kan tashi, ci ya ragu, barci ya ƙaurace. Wani ya riƙa kwana a ɗakinta yana auna ta.

Ragowar magani kada a raba wa maƙwabta, a mayar wa mai harhaɗa magani na asibiti ya san yadda zai yi da shi. Keken guragu, katifar iska da na'urorin awo kuwa a wanke a ajiye, a gaya wa mai unguwa ko liman cewa akwai su. Namu keken yanzu yana gida na biyar.